Coci da makaman ƙare dangi: adawar gaskiya ce ko ta fatar baki?

Sarkin_Gardama:
Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma 'yan'uwa Kirista na wannan zaure nake so su warware mini, ba da niyyar tsokana ba. Kullum sai ka ji Paparoma ya yi Allah wadai da makaman nukiliya, bishop-bishop sun fitar da takarda, an yi taron addu'a. To amma ƙasar da ta fara ƙera bam ɗin, wadda kuma ita kaɗai ce ta taɓa jefa shi a kan mutane, Amurka ce, shugabanta na lokacin, Truman, ɗan Baftis ne. Ƙasashe huɗun da suka fara mallakarsa, Amurka da Rasha da Birtaniya da Faransa, duk na masu coci ne. Ni dai a ganina wannan adawa ta fatar baki ce. Wa zai nuna mini bam ɗaya tak da aka kwance saboda wa'azin wani limamin coci?

Ladi_Jos:
Yau ma an ɓallo ruwa. Bari in gyara zama.

MalamTarihi:
Kafin a yi nisa, gyara ɗaya. Wadda ta gwada bam a 1949 Tarayyar Sobiyet ce ta Stalin, gwamnatin da ba ta yarda da Allah ba, wadda ta rushe majami'u ta ɗaure limamai. Ba za ka lissafa ta cikin ƙasashen masu coci ba. Sauran ukun na bar maka.

Katekis_Bulus:
Ɗan'uwa Sarkin Gardama, tambayarka tana kan hanya, amma ka san su wa bam na biyu ya faɗa wa? Ranar 9 ga Agusta 1945 garin Kokura aka nufa, gajimare da hayaƙi suka rufe shi, jirgin ya juya zuwa Nagasaki. Bam ɗin ya fashe a saman unguwar Urakami, kusan mita 500 daga babban cocin Katolika na garin. Mutanen unguwar nan jikokin waɗanda suka riƙe addininsu a ɓoye ne sama da shekara 200, lokacin da aka haramta Kiristanci a Japan, aka yi ta kashe masu binsa. Da aka ɗage haramcin suka gina cocin da guminsu. Cikin Katolika kusan 12,000 na wurin, kimanin 8,500 suka mutu. Abin da sarakunan Japan suka kasa yi a ƙarni biyu, jirgin ƙasar Kirista ya yi shi kafin azahar.
Saboda haka ba daga jiya aka fara magana ba. Tun 1946 wani kwamitin malaman tauhidi na majalisar ikilisiyoyin Furotesta ta Amurka ya ce jefa bama-baman nan abu ne da ba shi da abin kare shi ta fuskar ɗabi'a. A 1948 Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya ta yi taronta na farko a Amsterdam ta ce yaƙi ya saɓa wa nufin Allah. A namu ɓangaren, bayan rikicin makamai masu linzami na Kuba a Oktoba 1962, Paparoma Yohanna na 23 ya fitar da wasiƙar Pacem in Terris a 1963, ya ce a haramta makaman nukiliya. A 1965 babban taron Batikan na biyu ya ce duk harin da aka nufa da shafe gari sukutum da mutanen cikinsa laifi ne ga Allah da ɗan Adam.

Sarkin_Gardama:
Katekis na gode, labarin Urakami ya taɓa ni. Amma duk abin da ka jero takardu ne. Ni bam na tambaya.

MalamTarihi:
Kuma Katekis ya tsallake wani wuri, ban sani ba ko da gangan. Akwai bambanci tsakanin a ce kada a jefa da a ce kada a ajiye, kuma a nan ne duk rigimar take. A 1982 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya saƙo, ya ce a yanayin da ake ciki ana iya amincewa da riƙe makamin don razana abokin gaba, muddin mataki ne na zuwa ga kwance ɗamara. Bishop-bishop na Amurka suka ɗora a kan wannan a wasiƙarsu ta 1983, wadda Kadinal Bernardin na Chicago ya jagoranci rubutawa. Sun ƙi yarda a fara jefawa, sun ƙi yarda a auna birane, amma ba su ce a zubar da na rumbu ba. Na Faransa a shekarar nan ma sun fi su sassauci. Cocin Ingila ya sa aka rubuta rahoto a 1982 da ya ce Birtaniya ta ajiye nata ko da wasu ba su ajiye ba, da aka kai gaban majalisar cocin a Fabrairu 1983 aka yi watsi da wannan shawara. Sai a Nuwamba 2017 Paparoma Francis ya fito fili ya ce mallakar ma abin Allah wadai ce. Daga 1945 zuwa 2017 shekara 72 ke nan. In Sarkin Gardama ya ce an yi jan ƙafa, yana da hujja.

Katekis_Bulus:
Malam ba da gangan ba ne, rubutun ne ya yi tsawo. Amma ka lura da sharaɗin da aka gindaya a 1982: mataki ne na zuwa ga kwancewa. Da aka ga an shekara 35 ƙasashen nan suna sabunta makaman suna kiran abin mataki, sai aka janye uzurin. Ni ban ga tufka da warwara a nan ba. Batikan kuma tana cikin ƙasashe ukun farko da suka tabbatar da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya, tun ranar da aka buɗe ta, 20 ga Satumba 2017.

Ladi_Jos:
Batikan mai bam nawa? Wanda ba shi da doki ai shi ya fi kowa saurin yarda a hana sukuwa.

Tsohon_Soja:
Ku gafarce ni, ni Kirista ne, dattijo ne ma a ikilisiyarmu, amma a wannan batu ba na tare da shugabannin. Me ya hana Amurka da Sobiyet gwabzawa shekara arba'in da ɗoriya? Kar ta san kar ce. Kowa ya san in ya taɓa, shi ma ba zai kwana ba. Ku dubi Yukren. A 1994 ta sa hannu a Budapest ta miƙa makaman da ta gada, aka yi mata alkawarin ba za a taɓa iyakarta ba. Yau ina alkawarin? Gaddafi ya miƙa shirinsa a 2003, kun ga 2011. Koriya ta Arewa ta ƙi, har yau ana lallashinta. Manzo Bulus ya faɗa a Romawa sura 13 cewa mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Bishop ba shi da ƙasar da zai kare, shi ya sa magana take masa sauƙi.

Fasto_Habila:
Baba Soja, da girmamawa, takobin Romawa 13 na hukunta mai laifi ne. Takobi yana zaɓen wuya. Ko koyarwar yaƙin adalci da aka gada daga Agustin da Toma Akwinas, wadda ita sojoji Kirista suke dogara da ita, tana da sharuɗɗa biyu da ba a tsallakewa: ka bambanta mai yaƙi da wanda ba ruwansa, kuma kada ɓarnar ta wuce abin da ake karewa. Bam ɗin da zai cinye asibiti da makaranta da mai ciki, ya bar guba a jikin waɗanda ba a haifa ba, ta ina zai cika ko ɗaya? Ba sai ka zama mai ƙin yaƙi gaba ɗaya kafin ka ƙi wannan ba.
Amma zan ba Sarkin Gardama gaskiyarsa ta wani gefen. Babu wani abu guda mai suna coci da ya yi magana da baki ɗaya. Jawabin da shugaban Amurka Reagan ya kira Sobiyet daular mugunta, a Maris 1983, a gaban taron ƙungiyar masu bishara ta Amurka ya yi shi a Orlando, kuma abin da ya je roƙo shi ne kada su goyi bayan masu cewa a dakatar da ƙera makaman. Mai wa'azi Jerry Falwell ya tsaya masa. Shahararren mai bishara Billy Graham kuwa ya sauya ra'ayi wajen ƙarshen shekarun 1970, har ya je Mosko a 1982 taron adawa da nukiliya, mutanensa da yawa suka zarge shi da zama karen farautar 'yan gurguzu. Bishop-bishop na Metodis a 1986 sun wuce na Katolika, suka ce riƙe makami don razanarwa ma ba zai sami albarkar ikilisiya ba. Gida ɗaya, baki uku.

MalamTarihi:
Ƙara da na huɗu, Fasto. Garin Sarov, inda Sobiyet ta ƙera bam ɗinta na farko, tsohon gidan sufaye ne, a cikin gine-ginensa aka kafa cibiyar. Yau Cocin Otodoks na Rasha ya ɗauki waliyyin wurin, Serafim, a matsayin majiɓincin masu kula da makaman nukiliyar ƙasar. Shugaban cocin, Kirill, ya faɗa a bainar jama'a cewa makaman ne suka tsare Rasha.

Sarkin_Gardama:
Yauwa! Ashe Rashar da ka cire mini ɗazu ta dawo ta taga.

Mama_Rahila:
'Ya'yana kuna ta maganar manya masu dogayen huluna, kun manta da waɗanda suka shiga kurkuku. Ku nemi labarin Sista Megan Rice. Ba'amurkiya ce, amma shekaru masu yawa ta yi tana koyarwa a nan Najeriya da Gana kafin ta koma gida. A Yuli 2012, tana da shekara 82, ita da wasu maza biyu suka yanke shingayen waya cikin dare suka shiga Y-12 a Oak Ridge, jihar Tennessee, inda Amurka ke ajiye yuraniyom na bam. Suka isa har jikin ginin, suka yi rubutu a bango, suka zuba jini, suka tsaya suna waƙa suna jiran a zo a kama su. Aka yanke mata wata 35. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta soke laifin zagon ƙasa aka sake su. Ta rasu a 2021.
Kuma ba ita ta fara ba. Tun Satumba 1980 Fada Daniel Berrigan da ɗan'uwansa Philip da wasu shida suka shiga masana'antar General Electric a Pennsylvania da guduma, suka bubbuga kawunan makamai masu linzami. Daga Ishaya 2:4 suka ɗauko abin, inda aka ce za a mai da takuba garemani. Wanda ya yarda a ɗaure shi yana da shekara tamanin da wani abu, kada ka ce masa fatar baki, Sarkin Gardama.

Tsohon_Soja:
Mama, abin da tsohuwar nan ta jawo shi ne aka ƙara tsaro a wurin. Ta yi musu aikin duba shinge kyauta.

Ladi_Jos:
Kai Baba Soja 😂

Talatu_Mubi:
Ni 'yar EYN ce, wato Ikilisiyar 'Yan'uwa a Najeriya, kuma tushenmu ikilisiyar 'Yan'uwa ce ta Amurka, ɗaya daga cikin ukun da aka sani da ƙin ɗaukar makami kowane iri, tare da Menonayit da Kwekas. Su tun kafin a san wani abu wai shi bam ɗin atam suka ce a'a ga yaƙi, don haka ba su jira shekara 72 ɗin Malam Tarihi ba. Amma bari in faɗa muku, koyarwar nan tana da daɗi a aji, tana da ɗaci a daji. A 2014 da aka shigo garinmu muka gudu da ƙafa, yara a baya, ba wanda ya ɗauki ko cokali. A kan hanya na ji dattawan da suka koya mana juya ɗaya kuncin suna tambaya ina sojoji. Ni ma na tambaya. Har yau ban daina gaskata abin da aka koya mini ba, amma in Baba Soja ya yi magana ba na iya yi masa dariya.

Fasto_Habila:
'Yar'uwa Talatu, Allah ya ƙara ta'aziyya. Sai dai sojan da kika nema a ranar nan, mai raba ki da wanda ya biyo ki ne. Da an ce maganin abin shi ne a shafe garin duka har da ke a ciki, da ba ki kira shi ceto ba.

UmmanHanif:
Ni Musulma ce, ina bin zancen tun farko. Abin da Fasto ya faɗa na bambanta mai yaƙi da wanda ba ruwansa, mu ma shi muka karanta a Islamiyya. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham: kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya, a ƙyale masu ibada a ɗakunan ibadarsu. Amma da Pakistan ta yi gwajinta a 1998 na ga mutane da yawa suna murna wai mun samu namu. Don haka Sarkin Gardama, tambayar da ka yi wa maƙwabta tana jiranmu a ƙofar gida.

Sarkin_Gardama:
Hajiya ban ƙi ba, amma a buɗe wa wannan nasa zauren. Yau coci muke tuhuma.

Baban_Ishaku:
Yara, kuna magana kamar abin can nesa ne. Ina ɗan makaranta lokacin da Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya, 13 ga Fabrairu 1960, tsakiyar hunturu. Ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Iskar da ke kawo mana hazo daga can take tasowa, kuma na tuna yadda iyaye suka tsorata, duk wanda ya yi tari sai a ce bam ɗin Faransa ne. Bayan gwaji na uku gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961, ta hana jiragensu na sama da na ruwa tsayawa a Najeriya. Ƙasa 'yar wata uku da samun 'yanci.
Ga inda ya shafi tambayarku. A Disamba 1959 wata tawaga ta tashi daga Gana da nufin ta ratsa har wurin gwajin ta zauna a can, ko Faransa ta janye ko ta fasa bam ɗin a kansu. Cikin jagororinta akwai Rabaran Michael Scott, limamin Angilika, da Bayard Rustin ɗan Kwekas daga Amurka, tare da 'yan Afirka. Faransawa suka tare su a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso suka mai da su. Suka sake komawa, aka sake mai da su.

Sarkin_Gardama:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Amma an fasa bam ɗin ko ba a fasa ba?

Baban_Ishaku:
An fasa, ɗana. Har 17 a Aljeriya zuwa 1966, sannan suka koma tsibiran Polinesiya suka yi 193. Can ma cocin Furotesta na 'yan ƙasar yana cikin waɗanda suka fi matsa wa Faransa lamba a kan cututtukan da abin ya bari.

Ɗan_Arlit:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan tun 1971 ake haƙar yuraniyom a ƙarƙashin ƙafarmu ana fita da shi. Kirista kaɗan ne a wajenmu, ban taɓa jin an yi wa'azi a kan wannan ba, a coci ko a masallaci. Masu zanga-zanga a Turai suna kallon inda bam zai faɗa, ba sa kallon ramin da aka tono shi. Na Hiroshima ma akasarinsa daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka ɗebo.

Bamaguje:
Ɗan Arlit, naku ai yawancinsa tashoshin lantarki yake tafiya, kada mu haɗa wutar gida da bam. Wannan wata muhawarar ce.
In koma kan ainihin tambaya, ina ganin akwai amsar da ta fi kusa da abin da Sarkin Gardama yake nema. A Holan majalisar zaman lafiya ta haɗin gwiwar ikilisiyoyi ce ta ja ragamar adawa da girke makaman Amurka masu linzami. A Oktoba 1983 mutum sama da rabin miliyan suka fito a birnin Hague. Gwamnati ta yi ta ɗage yanke shawara har 1985, kafin a kai ga girkewa Reagan da shugaban Sobiyet Gorbachev suka sa hannu a yarjejeniyar 1987 da ta sa aka lalata makamai masu linzami 2,692. Ba a taɓa girke su a Holan ba. A Jamus ta Gabas kuma, inda ba a yarda da taro ba, cikin coci kaɗai matasa ke iya haɗuwa. Suka riƙa ɗinka tambarin takobi da garma a hannun riga, 'yan sanda suna yagewa. A 1983 a Wittenberg aka kira maƙeri ya mai da takobi bakin garma a gaban jama'a. Addu'o'in salama na ranar Litinin a cocin Nikolai da ke Leipzig, waɗanda aka fara a 1982, su ne suka rikiɗe suka zama zanga-zangar 1989.

MalamTarihi:
Duk gaskiya ne, amma kada a ba coci ladan da ba nasa kaɗai ba. Tattalin arzikin Sobiyet ya durƙushe, ga hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, ga Gorbachev da kansa. Masu ra'ayin Baba Soja ma cewa suke girke makaman a Jamus ta Yamma da Ingila da Italiya ne ya tilasta wa Mosko zama a teburi. Kuma yarjejeniyar 1987 ɗin ta mutu a 2019.

Tsohon_Soja:
Na gode Malam. Afirka ta Kudu ce kaɗai ta ƙera nata ta kuma kwance da hannunta, guda shida, Shugaba de Klerk ya sanar a 1993. Ku tambaya ko wa'azi ne ya sa, ko kuwa ganin mulki zai koma hannun baƙaƙe.

Mama_Rahila:
To in ba a yi maganar ba fa? A 1986 akwai kawunan nukiliya wajen 70,000 a duniya, yau kusan 12,000. Ban ce Sista da guduma ne suka rage su ba. Amma ɗan siyasa ba ya ajiye abin da masu zaɓensa suke tafa masa a kai. Wani ne ya fara sa mutane jin kunyar abin.

Sarkin_Gardama:
Na ji na Holan, shi ne ya fi kusa, ko da yake bam ɗin da ba a kawo ba daban yake da wanda aka kwance. Abin da na fahimta dai, wasu sun shiga kurkuku, wasu sun rubuta takarda, wasu sun yayyafa wa makamin ruwan albarka, kuma dukansu littafi ɗaya suke karantawa. Har yanzu ina bin ku bashin bam ɗaya.

Katekis_Bulus:
Za ka daɗe kana bi, don ba limami ke riƙe da makullin rumbun ba. Amma ka sani limamin Katolika da ke tare da rundunar da ta jefa bama-baman Japan, Fada George Zabelka, daga baya ya fito ya ce shirun da ya yi zunubi ne, ya ƙare rayuwarsa yana wa'azin ƙin yaƙi, har ya koma Japan neman gafara.

Ladi_Jos:
Ni tambayata ta gida ce. Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar haramcin ranar 6 ga Agusta 2020, daidai shekara 75 da Hiroshima, tana ma cikin ƙasashen da suka tura aka rubuta ta. Akwai wanda ya ji an ambaci wannan a sujadar Lahadi? Fasto Habila, kai ka taɓa?

Fasto_Habila:
Ladi, mutanen da ke gabana ranar Lahadi AK-47 ce ke hana su zuwa gona. In na hau bagade na fara zancen Oak Ridge, zumuntar mata za ta aiko a duba ko ina da lafiya.

Talatu_Mubi:
Ka gwada dai, Fasto. Ka fara da ƙaramar bindigar, ka ga ko hujjar za ta kai ka ga babbar. Ni abin da nake so Baba Soja ya amsa mini shi ne, in kar ta san kar ce ke kawo zaman lafiya, yana goyon bayan Iran da Saudiyya da Najeriya kowa ya samu nasa?

Tsohon_Soja:
Najeriya? Ƙasar da layin wutarta ke faɗuwa sau da yawa a shekara? A'a 'yata, wannan kam ban ce ba. Na Iran da Saudiyya ki bari in dawo daga taron dattawa, amsar tana da tsawo.